Ɗan ƙanwata zai bar aiki ya koma tseren kwale-kwale a teku, ku ba ni shawara

Kawun Yara, Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya buɗe baki. Ɗan ƙanwata ne, shekararsa 22, haifaffen nan Jidda, mahaifinsa ya rasu, ni nake tsaye a kansu. Yana aiki a wani wurin hayar jiragen ruwa a Ubhur, lungun tekun da ke arewacin Jidda. Aikinsa ya fito wa masu shaƙatawa da kwale-kwalen roba, ya ɗaura musu rigar ruwa, in sun dawo ya wanke gishiri ya jera. A nan wani mutumin Afirka ta Kudu da ke ajiye jirginsa a wurin ya koya masa tuƙa wani dogon kwale-kwale siriri da suke kira safski. Na je na gani da idona. Abin ya kai mita 6, amma faɗinsa da ƙyar ya ɗauki ƙugun mutum, ana zama a samansa, ƙafafu a miƙe suna taka abin juya shi. Yaron yana tafiya a kai kamar a nan aka haife shi.

To yanzu ya zo mana da cewa zai ajiye aikin, ya duƙufa kan atisaye safe da yamma, ya zama ɗan tseren teku na sana'a, ya riƙa fita gasa ƙasashen waje. Uwarsa ta kasa barci. Ni kuma ba na son in kashe masa gwiwa da jahilci, ba na kuma son in sa masa albarka a kan abin da zai bar shi ba ga tsuntsu ba ga tarko. Ana cin abinci da wannan abin? Akwai masu riƙe gida da shi?

Alhaji na Shara Mansur, Makka:
Wa alaikumus salam. Kawu, ni maganata gajeriya ce. Kada ka bar shi ya saki reshe ya kama ganye. Aiki a hannu a wannan zamanin, ga yaron da ke kan iƙama, wato takardar zaman baƙo, ba abin wasa ba ne. Mu nan muna da samari da takardun jami'a suna zaune a gida. Wanda Allah ya ba wurin da ake biyansa ƙarshen wata, har yana taimakon uwarsa da haya, ya ce zai bari don tseren jirgi? In motsa jiki yake so, ya yi ranar hutunsa. Kuma ka tuna tun da aka rushe unguwannin Jidda a 2021 da 2022, irin su Sabil da Kandara da Karantina, haya ta tashi, mutanenmu da yawa ba su gama farfaɗowa ba. Gida mai marayu ba ya ɗaukar caca.

Ɗan Kandara:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma haka aka riƙa ce wa yayyenmu masu ƙwallo. Yau sunan Hausawi a bayan riga kowa ya san shi a ƙasar nan. Usama Hausawi ne ya ɗaura ƙyallen kyaftin na Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, kuma Umar Hausawi da Mu'utaz Hausawi suna cikin tawagar. Da iyayensu sun ce wasa ba sana'a ba ne fa? Ƙasar nan ta canja. Ana zuba kuɗi a wasanni, an yi gasar jiragen ruwa masu filafilan iska ta share fagen kofin Amurka a nan Jidda a ƙarshen 2023, ana gina wuraren shaƙatawa a bakin Bahar Maliya wajen Umluj da Wajh. Wanda ya riga kowa shiga ruwa shi zai ci moriya. Ni dai na ce a bar shi ya gwada.

Malamin Motsa Jiki, Yanbu:
Salamu alaikum. Na yi karatu a Durban, kuma a can na fara hawa safski, har yanzu ina da tsohon jirgina a nan Yanbu. Saboda haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don abin yana raina.

Ɗan Kandara, niyyarka mai kyau ce, amma ƙwallo daban, wannan daban. Ɗan ƙwallo yana da kulob da ke biyansa albashi ko ya ci ko bai ci ba. Ɗan tseren teku ba shi da wannan. Babu kulob da ke ɗaukar mutum aiki don ya tuƙa safski. Wasan ma ba ya cikin Olamfik. Tseren kwale-kwale na ruwa kwance yana ciki, na kogi mai gudu yana ciki, amma na teku babu, kuma hukumomin wasanni na ƙasashe inda lambar Olamfik take nan suke kai kuɗinsu. Gasar duniya ta tseren teku ma sai a 2013 aka fara ta, a Fotugal, Sean Rice na Afirka ta Kudu ya ci ta maza, Michele Eray ta ci ta mata.

Mu dubi manyan wasan, mu ga da me suke ci. Oscar Chalupsky ya ci gasar Molokai sau 12, na ƙarshe a 2012 yana da shekara 49. Wannan ita ce gasar da kowa ke mafarki, tsallake mashigin teku tsakanin tsibiran Molokai da Oahu a Hawai, kilomita 50 da ɗoriya. To shi wannan mutumin harkar ƙera jirage da sayar da su ya riƙe, shi da Greg Barton na Amurka suka kafa kamfanin Epic, sannan ya riƙa zagaya duniya yana koyarwa. Dawid Mocke da matarsa sun buɗe makarantar koyar da safski a Fish Hoek kusa da Kef Tawun, kuma akwai rigunan ruwa da kayan tsaro da ake sayarwa da sunan gidansu. Shi kansa Sean Rice ya yi harkar koyarwa. Waɗannan su ne ƙololuwa, kuma kowannensu yana da wata ƙofar samu a gefen tseren.

Akwai kuɗin gasa, ban ce babu ba. A Ostireliya wani kamfanin hada-hadar kuɗi mai suna Shaw and Partners yana ɗaukar nauyin jerin gasanni, kuma a can ne ladan ya fi kauri. An taɓa yin gasar Shamal a Dubai da lada mai tsoka a shekarun baya. Amma ladan na mutanen farko ne, 'yan ƙalilan. Wanda ya zo na 20 a duniya gwani ne na gaske, sai dai da aljihunsa ya sayi tikitin jirgi, da aljihunsa ya biya masauki, ya koma gida da bashi. A Molokai ma sai ka yi hayar jirgi mai inji da zai raka ka daga farko har ƙarshe.

Ga kuma kaya. Sabon safski na tsere, wanda aka yi da zaren kabon, mai nauyin kilo 10 zuwa 12, yana kaiwa dala 4,000 zuwa 6,000, wato riyal 15,000 zuwa sama da 22,000, kafin kuɗin kawo shi, kuma abu mai mita 6 ba a saka shi cikin kayan fasinja. Filafilin tsere shi kaɗai ɗaruruwan daloli ne. In kamfani ya ce ya ɗauki nauyinka, yawanci jirgi zai ba ka aro ko ya rage maka farashi. Ba shinkafa zai aiko gidanku ba.

Saboda haka amsata ga Kawu ita ce: ana cin abinci a gefen wannan wasa, kuma da kyau, amma ba a cikin tseren kansa ba. Yaron yana zaune a daidai wurin da abincin yake, shi ne yake son tashi.

Kawun Yara, Jidda:
Malam, Allah ya saka da alheri, ka buɗe mini ido. Amma ka san samari. In na ce masa babu kuɗi, zai ce shi ba don kuɗi yake yi ba. Abin da nake son sani, ta yaya za a gane ko yana da bajintar da yake zato? Mutumin da ya koya masa yana yaba shi ƙwarai, to amma yabon mutum ɗaya ne.

Baba Masunci, Bur Sudan:
Jikata ce take rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Ina gaishe ku duka, ina gaida Kawun yaran.

Ni a Mai Wurno aka haife ni, a bakin Shuɗin Nilu na koyi tuƙi tun ban kai in ɗaga koma ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji da ƙafa suka zauna a nan, da su da noma suka riƙe kansu, har yau in ka je madatsar Sinnar ko ta Rusairis za ka tarar da Hausawa a kan ruwa. Saboda haka kada wani ya ce wa yaron nan ruwa ba gadonmu ba ne. A gida ma akwai Sarkawa, akwai tseren kwale-kwale a bikin Argungu da na Yawuri.

Amma da na dawo Bur Sudan na shiga huri, ƙaramin jirgin masuntan nan, sai na tarar duk abin da na sani a kogi bai kai ni ko'ina ba. Kogi gabansa ɗaya, ka san inda ya nufa. Teku da safe yana kwance, kafin azahar iskar arewa ta taso ta mai da shi wani abu daban. Ga shi'ab, duwatsun murjanin nan da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Mu da launi muke gane su: inda ruwa ya yi shuɗi mai duhu akwai zurfi, inda ya koma kore ka yi hankali, inda ya yi ruwan ƙasa dutse ne a ƙarƙashinka. In rana tana gabanka ba ka ganin komai, sai ka ji ƙarar katako. Na ga ƙarti majiya ƙarfi da teku ya mayar da su gida ba jirgi, na ga tsofaffi marasa ƙarfi da ba su taɓa kwana a waje ba.

Tambayata ga yaron: a cikin Ubhur yake tuƙinsa ko yana fita waje? Domin na san Ubhur, na yi aiki a Jidda. Wannan lungu ne da teku ya shigo cikin ƙasa, ruwansa a tsare yake. Wanda ya iya Ubhur bai iya teku ba tukuna.

Hajiya Maman Biyu, Madina:
Ku maza kuna ta lissafin riyal, ni uwar nake ji. Baba ya taɓo inda yake mini ciwo. Matar nan ta binne miji, yanzu ɗanta na fari yana fita teku a kan abin da Kawu ya ce bai fi faɗin ƙugu ba. In ya kife a nesa da gaɓa fa? Wa zai gan shi? Kawu, kafin a yi maganar sana'a, a fara yi wa uwar bayanin abin da ke tsare ransa, da harshen da za ta fahimta. Kuma a tambaye shi sallarsa. Na ji ana cewa da asuba suke fita. Ba na zargin yaro, tambaya ce ta uwa. Haƙƙinta a kansa ya fi na kowace gasa, in ba ta yarda ba babu albarka a ciki, ko da zinare zai kawo.

Malamin Motsa Jiki, Yanbu:
Hajiya, gaskiyarki, kuma ga abin da za a gaya wa mahaifiyarsa. Kifewa ba ita ce matsala ba, kowa yana kifewa. Safski a rufe yake, ruwa ba ya cika shi, ana sake hawa a ci gaba. Abin da ke kashe mutane shi ne rabuwa da jirgin. Yana da sauƙin nauyi, in iska ta ɗauke shi ba mai iyon da zai kamo shi. Shi ya sa ake ɗaure ƙafa da jirgin da igiya ta musamman. Sai rigar ruwa a jiki, ba a bayan kujera ba. Sai waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a maƙale a ƙirji, da usur, da riga mai launin da ake hangowa daga nesa. Kada ya fita shi kaɗai, kuma wani a tudu ya san inda ya shiga, inda zai fita, da ƙarfe nawa. Lambar gaggawa ta Haras Hudud, masu tsaron iyaka da gaɓar teku, 994 ce, ya haddace ta. Sannan ya riƙa koyon sake hawa a cikin igiyar ruwa, ta dama da ta hagu, lokacin da ya gaji, domin a gajiye ake kifewa.

Tambayar Baba kuwa ita ce zuciyar maganar. Tseren teku ba ƙarfin hannu ba ne kawai. Yawancin manyan gasanni bin iska ake yi: ka sa iska a bayanka, ka riƙa hawa taguwar ruwa ɗaya, kafin ta mutu ka tsallaka kan wata. Gwani yana ɗan sara da ƙarfi sau kaɗan ya kama taguwa, sai ya ɗaga filafili ya huta tana gudu da shi, idonsa na kan ramin da ke buɗewa a gabansa. Wanda bai iya ba yana ta haƙilo, tsoho mai tumbi ya wuce shi yana hutawa. Wannan karatun ruwan shekaru yake ɗauka. Mutanen Kef Tawun suna da hanyar da suke kira Miller's Run, kusan kilomita 12, iskar kudu maso gabas tana kaɗawa duk bazararsu, gwanayensu suna gama ta ƙasa da minti 40. Mutanen Fat a Ostireliya suna da iskar kudu maso yamma da ke tasowa da rana lokacin bazararsu, a kanta ake gasar da ke tashi daga tsibirin Rottnest, kilomita 27. Yaran can tun suna ƙanana suke cikin ƙungiyoyin ceton masu iyo, kuma daga aikin ceto safski ya samo asali. Da waɗannan yaronmu zai kara.

Muna da iska mu ma. Ta arewa maso yamma tana kaɗawa a gaɓarmu yawancin shekara, nan Yanbu ta fi ta Jidda ƙarfi. Sai dai akwai shi'ab, akwai hanyar manyan jirage ta tashar Jidda, akwai wuraren da aka hana shiga, kuma fita teku tana da izini da ƙa'ida. Ana buƙatar mota ta kai ka arewa, ta tarbe ka kudu.

Atisayen kansa kuwa, manyan 'yan wasa suna haura kilomita 100 a mako. Mafi yawansa tafiya ce mai tsawo a hankali, wadda za ka iya magana kana yi. Sau biyu ko uku a mako ake yin mai tsanani, a yi gudu na 'yan mintuna, a huta, a sake. Sai ɗaga ƙarfe don baya da ciki da kafaɗa, sai gudu ko iyo. Ƙarfin sara daga ƙafa yake tasowa, ka taka, ƙugu ya juya, gangar jiki ta ja, hannu riƙo kawai yake yi. Wanda ke ja da hannu zai ƙare da ciwon kafaɗa. Duk wannan awa biyu zuwa uku ne a rana, ba yini guda ba. Jiki ba ya ɗaukar fiye da haka, sauran lokacin abinci ne da barci. Mai aiki a bakin ruwa zai iya, in ya tsara.

Kawu, ga gwajin da ka tambaya. A auna kilomita 10 a ruwa kwance da agogo mai GPS, da sassafe kafin iska. Mai sha'awa da ya ƙware yana riƙe kilomita 11 zuwa 12 a awa. Manyan duniya suna riƙe 13 zuwa 14. Agogo ba ya jin kunyar kowa.

Mai Bin Takardu, Jidda:
Bari in shigo ta ɓangarena, tunda aikina ke nan a ofis. Kawu ya ce yaron yana kan iƙama. In ya ajiye aiki, a ƙarƙashin wa zai zauna? Namiji mai shekara 22 da ya riga ya koma kan kafalar wurin aiki, in ya fita ba tare da wani wurin da zai karɓe shi ba, zamansa ne ya shiga matsala, ba albashi kaɗai ba. Kuma kada ya ce zai riƙa koyar da mutane da kansa yana karɓar kuɗi a hannu. Yin aiki ga wanda ba kafilinka ba, laifi ne, buɗe sana'a da sunan ɗan ƙasa alhali taka ce shi ne tasattur, hukuncinsa mai nauyi ne. In koyarwa zai yi, ta hannun wurin aikinsa za ta bi.

Sai maganar tuta. Gasar duniya ba a shiga da kai, hukumar wasan ta ƙasarka ce ke tura sunanka. Shi fasfo ɗin Najeriya yake riƙe da shi, saboda haka hukumar can zai nema, ƙasar da wataƙila bai taɓa zama a cikinta ba. Hanyar a buɗe take, an yi. Chierika Ukogu a Amurka ta tashi, ta wakilci Najeriya a tuƙin jirgi a Olamfik na Riyo 2016, kuma da gudummawar jama'a ta haɗa kuɗin shirinta. Ayomide Bello ta je Tokiyo a tseren kwale-kwale. Saudiyya ma ta tura Husain Ali Rida Tokiyo a tuƙin jirgi, Sudan ta tura Isra Khojali. Amma duk waɗannan wasannin Olamfik ne a ruwa kwance. Manyan gasannin teku na buɗe kuwa kowa na iya yin rajista, abin da zai tare shi biza ce. Jami'in biza yana son ganin takardar wurin aiki da albashi na shiga banki. Saurayi marar aiki, marar mata, da kore fasfo, yana neman shiga Ostireliya ko Amurka, kun san amsar. Aikin nan da yake son bari shi ne zai fitar da shi.

Ɗan Kandara:
To na ji, kuma na karɓi maganar takardu, wannan ba gardama. Amma ina jin tsoron kada mu taru mu danne yaro da hujjoji har ya ajiye filafilin gaba ɗaya. Mu a unguwa mun san yadda ake yi: a ce maka "ka ci gaba amma a hankali", shekara biyu an yi maka aure, zance ya mutu. Malam da kansa ya ce Chalupsky ya ci gasa yana da 49, wato wasan ba ya gudun shekaru. To a ba shi hanya ta gaske mai lokaci, ba lallashi ba. In za a ce kada ya bar aiki, a faɗa masa me zai samu a madadin haka.

Ɗan Ubhur:
Assalamu alaikum iyayena. Ni ne yaron. Kawu ya tura mini duk abin da kuka rubuta, na roƙe shi ya sa ni a ciki. Na gode, ban zaci mutane za su ɓata lokacinsu a kaina haka ba.

Baba, gaskiya ne, mafi yawan tuƙina a cikin Ubhur ne. Muna fita bakin mashiga in akwai jirgin rakiya, kuma a nan na ɗanɗana abin da Malam yake faɗa. Ranar da taguwa ta fara ɗaukata, na ji bayan jirgin ya ɗaga, hancinsa ya sunkuya, ruwa na feso mini a fuska, na daina sara amma gudu na ƙaruwa. Tun ranar ban ƙara jin daɗin ruwa kwance kamar da ba. Na san ban iya karanta shi ba tukuna, ina kama ɗaya in rasa uku.

Hajiya, ina yin asuba a masallacin kusa da wurin aiki kafin in shiga ruwa, kuma ba a barin mu fita kafin gari ya waye. Igiyar ƙafa da riga ina da su. Waya ce nake bari a tudu, daga yau zan ɗauka.

Abin da ya sa na yi maganar barin aiki, ba raini ba ne. Dawamina, wato lokacin aikina, daga la'asar ne zuwa dare, ranakun Alhamis da Juma'a da Asabar kuwa tun safe. Ina komawa gida bayan sha biyu, in tashi asuba. Barcin ba ya isa. Lokacin zafi ga danshi, ruwan kansa ɗumi yake yi, in na yi atisaye da safe, da yamma ina ɗaukar jirage ƙafafuna suna rawa. Kuma lokacin da iska ta fi kyau, bayan azahar, lokacin nake shirin aiki. Ina ganin tutoci suna kaɗawa ina wanke rigunan mutane. Shi ne ya sa na ga kamar sai na zaɓi ɗaya.

Malam, na taɓa auna kilomita 10, ina riƙe 12 da ɗan kai, a jirgin aro wanda ya fi na tsere faɗi.

Malamin Motsa Jiki, Yanbu:
Masha Allah. 12 a jirgi mai faɗi, ga ƙarancin barci, ba ƙaramin abu ba ne. Ba zan ce maka zakaran duniya ba ne kai, amma akwai abin ginawa.

Matsalarka jadawali ce, to a gyara jadawali. Ka nemi shahadar ceton masu iyo da ta taimakon gaggawa, sannan ta koyar da tuƙin kwale-kwale. Da su a hannu, Kawu ya raka ka wurin mai wurin, a nemi a mai da kai mai koyarwa da jagoran masu fita ruwa. Mai koyarwa yana yini a kan jirgi ana biyansa, kuma wuraren shaƙatawar da Ɗan Kandara ya ambata irin waɗannan ma'aikata suke nema, musamman mai Larabci da Turanci. Lokacin sanyi ka ɗauki hutunka ka zo Yanbu, iska tana nan, ɗaki yana nan, zan fita da kai. Bayan haka ka tara kuɗin gasa ɗaya a kusa. Dubai akwai masu safski da suka daɗe suna shirya tsere, kuma ana samun jirgin haya. In ka ga inda ka tsaya a cikinsu, sai a yi maganar Durban ko Kef Tawun. Kada ka sayi sabon jirgi yanzu. Baƙi masu barin ƙasa suna sayar da nasu da araha.

Da azumi kuma ka rage. Tuƙi mai sauƙi dab da magariba a cikin Ubhur, ɗaga ƙarfe bayan tarawihi. Kada ka fita waje da ƙishirwa a wannan zafin.

Alhaji na Shara Mansur, Makka:
Yaro, na ji bayaninka, kuma ladabinka ya burge ni. Har yanzu ni ban ga sana'a a tsere ba, Malam ma bai ce akwai ba. Amma koyarwa sana'a ce, ceton rai sana'a ce mai lada. In a nan za ka tsaya, ba ni da ja. Sharaɗina ɗaya: abin da kake ba mahaifiyarka duk wata kada ya ragu da riyal ɗaya saboda jirgi ko tikiti. Kuɗin gasa ya fito daga abin da ya ƙaru. Kuɗin shahadar farko kuwa, Kawu ya faɗa mini nawa ne, ni zan biya.

Baba Masunci, Bur Sudan:
In ka je Yanbu, kafin ka hau naka, ka nemi tsohon masunci ka bi shi fita ko sau ɗaya, ka zauna ka yi shiru ka ga inda yake kallo. Su suka san bakin kowane shi'ab da lokacin da iska ke juyawa. Ka kai masa shayi da sukari. Da ƙasarmu lafiya take da na ce ka zo nan in kai ka wajen Sanganeb da kaina, amma tun yaƙin 2023 garin ya cika, hankalin kowa ba a kwance yake ba. Ku sa mu a addu'a.

Hajiya Maman Biyu, Madina:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, Baba. Kawu, a kai uwar Ubhur ta ga igiyar da rigar da idonta, ya kife a gabanta ya sake hawa. Jin labari ba zai kwantar mata da hankali ba.

Kawun Yara, Jidda:
Amin, Baba. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, zan kira ka bayan isha'i. Na yi magana da ƙanwata yanzu, ta yarda za ta je ranar Talata da safe tunda ba cunkoso, amma ta ce maganar Yanbu sai ta ji muryar Malam da kanta. Malam, zan turo maka lambarta ta gefe. Mai Bin Takardu, in mai wurin ya amince da canjin aiki, sai an canja sana'ar da ke kan iƙamarsa, ko za a iya barinta yadda take?

Mai Bin Takardu, Jidda:
Sai an canja, kuma wurin aikin ne zai nema, ba shi ba. Ka turo mini hoton iƙamar da kwangilarsa in duba abin da aka rubuta kafin ku je wurin mutumin.